Lafiya Uwar Jiki: Yadda Mabiya Tao na Ƙasar Sin Suka Sa Jiki Cikin Ibada



Akwai tambayar da nake so mu zauna a kanta wannan makon. A lokacin da kake ibada, ina jikinka yake? Yawancinmu za mu ce ai ibada aikin zuciya ce da ruhu, jiki kuwa jaki ne kawai da ya kawo mu majami'a, zai kuma mai da mu gida. Shi ya sa za ka ga ɗan'uwa mai himma wanda ba ya fashin addu'ar dare, amma rabonsa da barcin kirki ya fi wata guda. Za ka ga 'yar'uwa a ƙungiyar mawaƙa tana fama da gyambon ciki, ta kuma shiga azumin kwana bakwai ba ko ruwa, ba ta gaya wa kowa ba.

Don mu ga tambayar nan da kyau, zan kai ku nesa, wurin mutanen da suka ba ta wata amsa dabam. A kwalejin tauhidi inda nake koyarwa muna da darasi a kan addinan duniya, domin wanda zai yi kiwon garken Allah ya kamata ya san abin da maƙwabtansa na kusa da na nesa suka gaskata. Cikin dukan addinan da muke dubawa, babu wanda ya ba lafiyar jiki girma a cikin ibada kamar addinin Tao na ƙasar Sin. Ba na kawo muku labarinsu don mu bi tafarkinsu ba. Na kawo shi ne domin mutanen nan sun shafe sama da shekara 2,000 suna gwada abu ɗaya, sun ci riba a wani wuri, sun yi mummunar hasara a wani. Mai hankali yakan koyi darasi daga riba da hasarar wani.

Su wane ne mabiya Tao?

Kalmar Tao tana nufin hanya. A wurinsu ita ce asalin da kome ya fito daga gare shi, ita ce kuma tsarin da kome yake bi: dare da rana, damina da rani, haihuwa da tsufa. Babban littafinsu shi ne Daodejing, ɗan ƙaramin littafi mai babi 81, wanda al'adarsu ta danganta ga wani dattijo mai suna Laozi da aka ce ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu. Har wa yau addinin yana nan da haikalinsa da firistocinsa, yana cikin addinai biyar da gwamnatin Sin ta amince da su a hukumance.

Mabiya Tao ba su raba mutum gida biyu kamar yadda muka saba yi ba. Suna koyar da cewa kome a duniya an yi shi da abu guda da suke kira qi. Furucin kalmar ya yi kusa da namu "ci", amma ma'anarta numfashi ce, ko ƙarfin rai da ke zagayawa. Idan qi ya taru, sai a sami rai. Idan ya watse, sai mutuwa. A cikin mutum suna lissafa dukiya uku: jing, wato ƙarfin asali na jiki wanda haihuwa take fitowa daga gare shi, qi, numfashin da ke motsa gaɓoɓi, da shen, wato hankali ko ruhu. A ganinsu ukun nan abu ɗaya ne a matakai dabam-dabam, kamar yadda ƙanƙara da ruwa da tururi duk ruwa ne. Saboda haka wanda ya ɓarnatar da ƙarfin jikinsa ya taɓa ruhunsa ke nan, wanda kuma ya bar fushi da kwaɗayi suka mallaki zuciyarsa zai ga sakamakon a hantarsa da ƙodarsa.

A haikalin Baiyun da ke birnin Beijing akwai wani zane da aka sassaƙa a kan dutse a shekarar 1886. Hoton mutum ne a zaune, amma ba za ka ga fata ko tsoka ba. Kansa duwatsu ne, ƙashin bayansa kogi ne mai hawa sama. A ƙasan cikinsa akwai manomi yana huɗa da sa, sama da shi kaɗan wata mace tana aikin zare, can ƙasa kuma yaro da yarinya suna taka na'urar ɗaga ruwa. Duk shekarar da na nuna wa ɗalibaina hoton nan, waɗanda suka tashi a ƙauye ne suke fara gane shi. Mai zanen yana cewa ne jiki gona ce. Gona kuwa ba a yi mata aikin shekara a rana ɗaya, kuma ba ta yafe wa wanda ya yi sakaci da ita.

Kiwon rai

Aikin gonar nan suna kiransa yangsheng, wato kiwon rai ko renon rai. Ya ƙunshi abin da mutum yake ci da yawansa, lokacin kwanciya da tashi, yadda yake numfashi, yadda yake motsa jiki, yadda yake kame sha'awarsa, da yadda yake kwantar da hankalinsa.

Abin ya daɗe ƙwarai. A shekarar 1973 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Almasihu. Cikin abin da suka samu akwai ƙyallen siliki mai hotunan mutane 44, maza da mata, manya da matasa, kowa yana wani irin miƙa ko lanƙwasa. Kusa da wasu hotunan an rubuta ciwon da motsin yake magani. Bayan shekaru ɗaruruwa wani likita mai suna Hua Tuo, wanda ya rasu wajen shekara ta 208 bayan haihuwar Almasihu, ya tsara motsa jiki da ke kwaikwayon dabbobi biyar: damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. An ruwaito cewa ya kwatanta jiki da ƙofar da ake buɗewa kullum, wadda ba ta ruɓewa, ya kuma gargaɗi almajirinsa cewa a motsa jiki amma kada a kai shi ga galabaita.

Wannan matsakaicin hali shi ne zuciyar koyarwar. A littafin Zhuangzi, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, akwai labarin wani mahauci da ya yi shekara 19 yana fiɗa da wuƙa ɗaya ba ta dakushe ba. Sirrinsa shi ne ba ya saran ƙashi. Ya san inda gaɓa ta haɗu da gaɓa, sai ya bi ta wurin da akwai sarari, idan kuma ya zo wuri mai wuya sai ya rage hannu. Sarkin da ya tsaya kallonsa ya ce ya koyi yadda ake kiwon rai daga wurin mahaucin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga bambancin gwani da ɗan koyo zai fahimci labarin. Ɗan koyo da ƙarfi yake aiki, wuƙarsa ba ta kai wata guda. Rayuwar mutum ita ce wuƙar.

Daga wannan tushe ne aka sami irin motsa jikin nan na sannu-sannu da kuke gani a fim, tsofaffi a fili da sassafe suna ɗaga hannu kamar masu tura iska. Sunansa taiji. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, likitoci kuma sun tabbatar yana taimaka wa tsofaffi su riƙe daidaiton jiki, ya rage musu faɗuwa.

Ciwo da laifi

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a motsa jiki. A shekara ta 142 bayan haihuwar Almasihu wani mutum mai suna Zhang Daoling ya kafa ƙungiyar Tao ta farko mai tsari a yankin Sichuan. Kowane gida yana ba da awo biyar na shinkafa a shekara, har aka riƙa kiransu da sunan wannan awo. A cikin jama'ar nan, idan mutum ya kamu da ciwo, abu na farko shi ne a kai shi wani ɗaki na shiru ya zauna ya tuna laifofinsa. Sai firist ya rubuta sunansa da furcin laifinsa a takardu uku: ɗaya a kai kan dutse domin sama, ɗaya a binne domin ƙasa, ɗaya a nutsar domin ruwa. Mai ƙaramin laifi kuma akan sa shi ya gyara hanya tsawon taki 100.

Sun kuma gaskata cewa akwai wasu halittu uku da ke zaune cikin jikin kowane mutum, waɗanda ke fita sau ɗaya a kowane kwana 60, mutum yana barci, su kai rahoton laifofinsa sama, a rage masa kwanakin rai. Don haka a wannan daren akan kwana a farke domin a hana su fita. Wasu kuma sukan daina cin hatsi gaba ɗaya, domin sun gaskata hatsi ne abincin halittun nan. Wani malaminsu mai suna Ge Hong, wanda aka haifa a shekara ta 283, ya rubuta cewa babban laifi yana rage wa mutum kwana 300, ƙarami kuma kwana 3, sa'an nan duk maganin da mutum zai sha ba zai amfane shi ba in bai tara ayyukan kirki ba.

Akwai gaskiya a ciki wadda kowane fasto ya sani. Na zauna a gefen gadon asibiti da mutanen da ƙiyayya ta shekaru ta hana su barci har hawan jini ya kama su. Dawuda ma, a Zabura ta 32, ya ba da labarin yadda jikinsa ya lalace a lokacin da ya ɓoye zunubinsa. Amma akwai nauyi mai tsanani a cikin koyarwar da ta mai da kowane ciwo shaidar laifi. Mai ciwo zai ɗauki kaya biyu, ciwon da kunya. Abokan Ayuba haka suka yi masa, Allah kuwa ya tsawata musu. A Yohanna sura 9 almajirai suka so su san laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Ubangiji ya ƙi lissafin gaba ɗaya. Ina roƙonku, idan kun je gaishe da marar lafiya, kada ku je da awon laifi a hannu.

Inda hanyar ta karkace

Burin mabiya Tao da yawa bai tsaya a tsawon rai ba. Sun so su tsere wa mutuwa ɗungum, su zama abin da suke kira xian, marasa mutuwa. Tun kafin addinin ya sami tsari, sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin wuri ɗaya, Qin Shi Huang, ya aika jiragen ruwa su nemo masa maganin mutuwa a tsibiran gabas. Ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Almasihu, bai kai shekara 50 ba.

Masu neman maganin nan sun yi wani tunani da ya yi kama da hikima. Ganye yana ruɓewa, in ka ƙone shi ya zama toka, to yaya zai ba da rai marar ƙarewa? Amma zinariya ba ta tsatsa ko an binne ta shekara dubu. Akwai kuma wani jan dutse wanda in an gasa shi yakan fitar da zaiba, in an sake sarrafa zaibar ta koma jan dutse. Sai suka ce, wanda ya shigar da irin waɗannan cikin jikinsa zai ari dawwamarsu. Suka gina tanderu a kan duwatsu, suka yi azumi da tsarkake kai, suka dafa zaiba da dalma da farar wuta, suka mulmula ƙwayoyi. A cikin irin wannan gwaje-gwaje ne, wajen ƙarni na 9, aka gano albarushi. Masu neman maganin mutuwa su ne suka ba duniya abin cika bindiga.

Ƙwayoyin kuwa guba ne. Mu ma mun san aikin dalma, domin a shekarar 2010 ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Masana tarihi sun lissafa sarakuna da dama na daular Tang da ƙwayoyin nan suka hallaka. Sarki Wuzong ya mutu a shekara ta 846, bai cika shekara 33 ba, bayan maganin ya sauya masa hali ya kuma ɗauke masa magana. Wanda ya gaje shi, Xuanzong, ya ga abin da ya faru, ya hukunta masu haɗa maganin, amma daga baya shi ma ya sha irinsa, ya mutu a shekara ta 859. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma tsoron mutuwa yakan rufe wa mutum ido. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, idan alamun guba suka fara bayyana, masu maganin sukan ce alama ce yana aiki, a ci gaba da sha.

Sannu a hankali mabiya Tao da yawa suka bar tanderun waje suka koma abin da suke kira tanderun ciki. Suka ce zaiba da dalma na gaskiya suna cikin jiki, tukunyar kuma tana ƙasan cibiya, wutar ita ce numfashi da natsuwa. Ɗaya daga cikin manyan malaman wannan tafarki shi ne Qiu Chuji. Yana da shekara sama da 70 sa'ad da Jengis Khan, mayaƙin da ya ci rabin Asiya, ya aika a kira shi. Tsohon ya yi tafiyar da ta ɗauke shi kusan shekara biyu, ya iske sarkin a shekarar 1222 a yankin duwatsun Afganistan ta yau. Sarki ya tambaye shi maganin rashin mutuwa da ya kawo masa. Tsohon ya gaya masa gaskiya, cewa akwai hanyoyin kiyaye lafiya, amma maganin mutuwa babu. Ya shawarce shi ya kame sha'awarsa, ya kuma rage zub da jini. Dukansu biyu suka mutu a shekarar 1227. Ina girmama tsohon nan. Ya tsaya a gaban mutumin da kowa yake tsoro, ya ƙi sayar masa da ƙarya.

Kyautar da ta iso gidajenmu

Duk da karkacewar nan, mutanen da suka ɗauki jiki da muhimmanci haka sun zama masu lura, lura kuma ta haifi magani. Sun Simiao, malamin Tao kuma likita wanda ya rasu a shekara ta 682, ya rubuta babban littafin magani da ya sa wa suna daga ra'ayinsa cewa ran mutum ya fi awo dubu na zinariya daraja. Ya koyar cewa likita ya fara gyara abincin marar lafiya, sai in hakan bai yi ba ya koma ga magani, kuma ya duba mai kuɗi da matalauci da ido ɗaya. Har yau Sinawa suna kiransa sarkin magani.

Ge Hong ɗin nan da na ambata, wanda ya gaskata da ƙwayoyin zinariya, shi ne kuma ya tattara wani ɗan littafi na magungunan gaggawa masu araha domin talakawa. A ciki ya rubuta yadda ake jiƙa wani ganye mai suna qinghao, ɗan'uwan tazargade, a ruwa, a matse a sha domin zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Bayan shekara sama da 1,600, a 1969, aka ɗora wa wata masaniyar kimiyya mai suna Tu Youyou aikin nemo sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Ita da abokan aikinta suka bincika tsofaffin magunguna sama da 2,000. Ganyen nan yakan yi aiki wani lokaci, wani lokaci ya ƙi. Da ta koma ga rubutun Ge Hong sai ta lura bai ce a dafa ba. Ta gane zafi ne yake kashe ƙarfin maganin, ta sauya hanyar tatsarsa zuwa mai ƙarancin zafi, a 1971 kuwa aka dace. Ta fara gwada shi a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Sinadarin shi ne atemisinin, tushen magungunan zazzaɓi irin su Coartem da ake ba mu a asibiti, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a shekarar 2015.

Wato kusan kowane ɗayanku da ke karanta wannan ya taɓa warkewa ta hanyar abin da wani mabiyin Tao ya rubuta a ƙarni na 4. Ni ban ga abin tuntuɓe a nan ba. Allahn da yake sa rana ta fito wa kowa, shi ne ya sa magani a ganye, yakan kuma bar wanda ya lura ya gano shi. Ku dai lura cewa sai da aka gwada, aka auna, aka san adadin da ya dace kafin ya zama magani. Jiƙa tazargade a gida ba ya maye gurbin gwajin jini da cikakken magani.

Mu fa?

Mu Kirista muna da dalilin girmama jiki da ya fi nasu ƙarfi. Allah ne ya siffata jikin mutum da hannunsa, ya kuma ga abin da ya yi yana da kyau. Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin namu, ya ji yunwa, ya gaji har ya yi barci a cikin jirgi. Da ya tashi daga matattu, da jiki ya tashi, ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa. Ikilisiyar farko ta yi doguwar gwagwarmaya da masu koyar da cewa jiki mugun abu ne, kurkukun ruhu kawai, ta kuma ƙi koyarwarsu. Duk ranar da muka furta bangaskiyarmu muna shaida tashin jiki. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikinsu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, an kuma saye shi da tsada. Abin kunya ne a ce wanda bai san wannan ba ya fi mu kula da jikinsa.

Ku tuna da Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Sai bayan haka aka yi maganar ruhaniya a Horeb. Sau da yawa matashi yakan zo ofishina ya ce addu'arsa ta bushe, yana jin Allah ya yi nisa. Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki nakan tambaye shi ƙarfe nawa yake ajiye waya da dare, da abin da ya ci tun safe. Ba kowace matsala ce take warwarewa a nan ba, amma da yawa daga nan suke farawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda muka rabu da mabiya Tao shi ne a kan abin da kula da jiki zai iya saya. Su sun sa begen cin nasara a kan mutuwa a cikin aikin da mutum zai yi wa jikinsa. Mu mun san an riga an ci nasarar nan a kan gicciye da kabarin da aka tarar babu kowa, kyauta ce kuma, ba ladan motsa jiki ba. Bulus ya gaya wa Timoti cewa horar da jiki tana da amfaninta, amma amfanin ibada ya zarce wannan rai. Shi Bulus ɗin ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, bai kuwa zama ƙaramin manzo saboda haka ba. 'Yar'uwa mai ciwon sikila da ɗan'uwa mai tafiya a keken guragu ba su gaza kowa ba a gaban Allah. Wannan 'yanci ne babba. Za mu iya kula da jiki ba tare da fargaba ba, domin ranmu na har abada bai rataya a kansa ba.

Amma kada mu yi wa sarakunan Tang dariya da wuri. Ƙwayar da ake sayarwa a tasha da alkawarin ƙarfin da ba ya ƙarewa, tiramol da matashi yake haɗiya domin ya yi aikin mutum uku, duk 'ya'yan tunani ɗaya ne da nasu: a sami a cikin ƙwaya abin da ya kamata a samu ta hanyar haƙuri. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da zaiba, ita dai zaibar da ta kashe sarakunan nan, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi gargaɗi cewa tana lalata ƙoda. A ɗaya gefen kuma akwai wanda yake ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus kuma da kansa ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Gwada Allah ne rashin bangaskiya.

Azumi yana da kyau, Ubangiji ya yi, ya kuma koya mana yadda za mu yi. Addu'ar dare tana da kyau. Amma mai gyambon ciki, da mai juna biyu, da mai shan magani kullum, su nemi shawarar likita da ta fasto kafin su shiga dogon azumi, shugabannin zumunta kuma su daina auna ruhaniyar mutum da yawan kwanakin da ya yi bai ci ba. In mun kwana muna addu'a ranar Juma'a, mu bar wa mutane Asabar su huta. Allahn da ya ba da umarnin aiki shi ne ya ba da umarnin hutu.

Abin da nake roƙon kowannenku wannan makon ƙarami ne, irin aikin manomin nan da ke cikin hoton dutse. Ka zaɓi lokacin kwanciya ka riƙe shi. Ka rataya gidan sauro. Ki je a auna jininki, ki san rukuninsa kafin maganar aure ta yi nisa. Ka taka da ƙafa inda za ka iya. Ka je ka shirya da wanda kake riƙe da shi a zuci, domin wannan ma kiwon lafiya ne. Ikilisiya tana bukatarku a shekara 60 da 70, da ƙarfinku da hankalinku, kuna koya wa jikokinku abin da aka koya muku.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka siffata mu tun muna cikin mahaifa. Mun gode maka domin numfashi, da barci, da abinci, da hannun likitoci. Ka koya mana mu riƙe jikin nan da aminci kamar abin da ka ba mu amana. Ka ta'azantar da marasa lafiya a cikinmu, ka tsare matasanmu daga masu sayar da ƙarya. Ka kuma sa hasken Ɗanka ya kai ga dukan masu neman rai a ƙasar Sin da ko'ina. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.